Ranar da Goggo Ta Jira

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Goggo, yayar mahaifinmu, ta rasu wata Laraba da hantsi a ɗakinta na gidanmu da ke Ƙofar Durbi, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba. Aka yi mata sutura bayan azahar.

Baba ne ya zauna a zaure yana amsar gaisuwa. Shi ma tsufa ya kama shi, amma ranar nan sai na ga ya koma ƙaramin ƙane. Duk wanda ya ce masa ya haƙuri, sai ya ce da godiya, ya sunkuyar da kai. Da limamin unguwa ya zauna kusa da shi, na ji ya ce masa a hankali, "Malam, yau ba ni da sauran wanda zai ce mani in yi shiru."

A cikin gida kuwa, Inna ta ba ni labarin wasu maƙwabtanmu mata biyu da suka shekara ba sa ga maciji saboda kwatar da ta ratsa tsakanin gidajensu, har sai da Goggo ta shiga maganar. Ranar rasuwar tabarma ɗaya suka zauna. Suka yi kuka, suka share hawaye, sannan suka fara musu ƙasa-ƙasa, kowacce tana cewa ai ita Hajiya ta ba gaskiya a wancan lokacin. Inna ta ce har aka kira la'asar ba su daidaita ba.

Washegari tsohon ɗan majalisar mazaɓarmu ya zo da jama'arsa. Ya yi doguwar addu'a, sannan ya juya ga mutanen zaure ya ce, "Ni da Hajiya muka yi aikin dawo da yaron gidan nan daga hayin iyaka." Yaron da yake nufi shi ne Yaya, wanda nake bi, yana zaune a gefe da furfura a gemunsa. Yaya bai ɗago kai ba. Baba ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe. Allah ya saka da alheri."

Maganar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ba don in ƙaryata kowa ba, domin Goggo da kanta ta ba shi wannan yabon. Ina dai son 'ya'yanmu su san yadda abin ya kasance.

Goggo ta yi aure a Maraɗi tun tana yarinya. Da mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙanenta, ta kama fataucin atamfa da turaren wuta tsakanin nan da can. Ba ta yi boko ba. Ta je Makka a kan kuɗin sana'arta, amma in yaran gida suka ce mata Hajiya sai ta ce, "Hajiya ta mutanen waje ce." Tana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba mu haushi muna samari. In ka kawo mata magana mai zafi kana jiran amsa, sai ta ce, "Bari in sha ruwa." Ta tashi a hankali ta nufi randa, ta ɗauraye moɗa, ta sha, ta dawo ta gyara zama. Kafin nan kai ka ji abin da ka faɗa da kunnenka, sau da yawa har ka fara rage shi da kanka.

Tana son rediyo fiye da Baba mai rediyon. Lokacin da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, gari ya cika da tutoci da lasifika, kowace unguwa da jam'iyyarta. Goggo ba ta damu da wannan ba. Abin da ya ɗauke mata hankali shi ne labarin Amurkawan nan ma'aikatan ofishin jakadanci da ɗalibai suka tsare a Iran. Ni ina koyarwa a firamare a lokacin, saboda haka ni ne mai yi mata bayani. Na ce mata ƙasar tana gaba da Makka. Ta ce ta san mutanen ƙasar, ta ga matansu wurin ɗawafi da baƙaƙen mayafai, ba sa sakin hannun juna.

Da aka ce an sako mata da baƙaƙen fata daga cikin waɗanda aka tsare, ta ce, "To, suna neman wanda za su yi magana da shi ke nan." Da aka ce an tura jirage a ƙwato sauran da ƙarfi, abin ya lalace a cikin hamada, sai ta ce, "An ƙara wa bayin Allah kwana."

A farkon daminar shekarar nan abin ya zo gidanmu.

Yaya ne ke jan babbar motar Baba, yana kai kaya Maraɗi ta Jibiya. Wata rana yana dawowa, a wani ƙauye can hayin iyaka, wani saurayi ya biyo bijiminsa da ya tsinke igiya, ya faɗo titi. Yaya ya taka birki, amma Allah ya riga ya ƙaddara. Bai gudu ba. Ya sauko ya ɗauki gawar da hannunsa, ya bi mutane har ƙofar gidan su yaron. Jandarmomi suka zo suka duba, suka ce ba su ga ganganci ba, amma saboda zaman lafiya za su bar shi hannun mai gari har dangi su ce sun haƙura. Mai garin kuwa wan mahaifin yaron ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar uban.

Wani direba ya kawo mana labari. Baba ya ɗebi dattawan unguwa suka je suka yi gaisuwa. An karɓe su da mutunci. Mai gari ya ce a ba su 'yan kwanaki zukata su huce, baƙonsu yana zaure, abin da suka ci shi zai ci. Baba ya dawo da kwanciyar hankali.

Sai ɗan majalisa ya ji. A wani taron jam'iyya a Ƙofar Kwaya ya hau bisa mota ya ce yanzu ba zamanin soja ba ne, talaka yana da mai magana da yawunsa. Ya ce in ba a sako ɗan Katsina kafin Juma'a ba, zai sa a hana mutanen ƙauyen nan shigowa kasuwanninmu. Aka yi ta tafi. Ina wurin, kuma na ji daɗin maganar, don a ganina an nuna muna da gata.

Direbobi suka kai maganar can kafin ta kwana biyu. Mai gari ya aiko wa Baba cewa tunda da barazana za a amshi yaron, to a zo a amsa. Aka ɗauke Yaya daga zaure aka mayar da shi wani ɗaki na ciki mai sakata ta waje. Juma'a ta zo ta wuce. Matar Yaya tana da tsohon ciki na fari, ta daina cin abinci sai an tsaya a kanta.

Baba ya ce zai koma. Goggo ta ce, "Ka zauna. Maza sun yi magana ta ishe su." Ta ƙulla turaren wuta da sabulu da goro a ɗan ƙunshi, ta ce in raka ta.

Da muka isa ta gaida mai gari daga bakin zaure, gaisuwar rasuwa kawai, ta wuce cikin gida wurin mata. Ba ta nemi ganin Yaya ba. Ni aka bari na gan shi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Na tambaye shi ko ba a ba shi abinci.

Ya ce, "Ana ba ni. Ba yunwa ba ce." Ya nuna bangon ɗakin. "Uwar yaron tana bayan nan. Kullum da safe ina jin dakanta."

Washegari Goggo ta aiko a ce mani in koma gida, makaranta na jirana. Ita ta zauna.

Abin da ya faru a cikin gidan nan daga bakinta na ji shi, guntu-guntu, a cikin shekarun da suka biyo baya. Ta ce ɗakin uwar yaron ta sauka. Tare suke surfe, tare suke zuwa rijiya. In masu gaisuwa sun zo ita ke shimfiɗa masu tabarma. Ta ba ta labarin nata ɗan, guda ɗaya da Allah ya ba ta, wanda ƙyanda ta ɗauke a Maraɗi yana fara tafiya. Mu kanmu ba mu taɓa jin ta ambace shi ba. Sunan Yaya kuwa bai fito daga bakinta ba ko sau ɗaya.

Matar ce ta gaji ta ɗauko maganar. Suna tsince ƙasa a cikin gero ta ce, "Hajiya, ba ki tambaye ni ɗanku ba."

Goggo ta ce, "Gaisuwar naki na zo."

Matar ta ajiye faifan. Ta ce, "Ni tun ranar da ya ɗauko mani shi da hannunshi, rigarshi duk jini, na yahe mashi. Babu dai wanda ya tambaye ni."

Goggo ta ce nan ne ta tashi ta sha ruwa, don ta ji idonta ya kawo.

Ita matar ce ta kai ta gaban mai gari. Ya saurare su, ya ce shi ma zaman yaron a gidansa ya zame masa nauyi. Amma in ya buɗe ɗakin nan yanzu, daga nan har Maraɗi za a ce mutumin Katsina ya daka tsawa mai gari ya tsorata, kuma an sayar da jinin ɗan ƙanensa saboda cin kasuwa. Ya ce da wane ido zai sake zama yanke wa mutane hukunci?

Goggo ba ta yi masa musu ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wace rana ce in ka buɗe ba wanda zai faɗi haka?"

Ya yi tunani, ya ce ranar sadakar arba'in. Jama'a za su taru, liman zai roƙa, uwar yaro za ta faɗi da bakinta. Ya kafa sharaɗi ɗaya: kada ya ga motar siyasa ko tuta a garinsa. Goggo ta ce ta ɗauka.

Ta dawo gida da wannan, ta faɗa wa Baba da Inna da ni, ta ce kada ya wuce mu.

A nan muka saɓa da ita. Ɗan majalisa, da ya ga wa'adinsa ya wuce ba abin da ya faru, ya shiga neman hanyar gyara sunansa. Ya zo ya gaya wa Baba cewa ya samu wani babba a can hayin wanda zai iya ba da umarni a fito da Yaya ko mai gari ya so ko bai so ba. Shi zai je da motoci ya ɗauko shi, a shigo da shi gari ranar wani taronsu. A makon nan matar Yaya ta haihu, namiji. In an bi ta ɗan majalisa, Yaya zai riski suna. In an bi ta Goggo, sai bayan suna da kwanaki.

Na same ta tana kaɗa auduga a ƙofar ɗakinta. Na ce, "Goggo, mutum yana kulle a ɗaki, ga hanya ta samu, ki ce a jira sadaka? Girman mai gari ya fi ɗanki?"

Wannan karon ba ta tashi shan ruwa ba. Ta ce, "Za su ba da shi, tunda an fi ƙarfinsu. Daga ranar nan kuma duk motar gidan nan da ta bi hanyar can, da fargaba za ta bi."

Na ce sai a sake hanya.

Ta ce, "Ita kuma matar? Ɗanta ya tafi. Abu ɗaya ya rage a hannunta, ta ce ta yafe a gaban mutane. Kana so a zo da motoci a amshe wannan ma?"

Na ce ita matar Yaya fa, da ke kuka a ɗaki da jariri?

Ta ce, "Ita ɗanta shina hannunta."

Na tashi na bar wurin, na kwana biyu ban shiga gaishe ta ba. Ba ta aiko nemana ba. Abin da ta yi shi ne ta yafa mayafi ta tafi gidan ɗan majalisa da ƙafarta. Inna ta raka ta, ita ta ba ni labari. Ta ce Goggo ta zauna ta gaida shi kamar ba shi ya dagula al'amarin ba, ta ce masa, "Ɗana, kai ka sa suka san yaron nan ba maraya ba ne. Ka yi naka. Saura ka bar mani 'yan kwanakin nan ba tare da an ji muryarka ba. In ya dawo, gidanka zai fara zuwa godiya, da rana, kowa na gani." Ya tambaya ko ta tabbata za a sako Yaya. Ta ce in Allah ya so. Ya ce ya bar mata.

Aka yi suna babu uban jariri. Baba ya yanka rago, ni na tsaya wurin rabon goro. Matar Yaya ta yi kwalliya saboda mutane, amma da Goggo ta shiga ɗaukar yaron sai ta juya fuska ga bango. Goggo ta yi masa addu'a ta ajiye shi ta fito. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, har suka shirya don kansu bayan an yaye shi.

Ana jibi sadaka ta koma ƙauyen ita kaɗai. Ranar da aka taru, bayan an shafa fatiha, liman ya yi magana a kan haƙuri. Uwar yaron ta zo bayan zana ta ce, yadda na zaure za su ji, ita ta yafe duniya da lahira, a bar bawan Allah ya koma wurin iyalinsa. Mai gari ya tashi da kansa ya zare sakata. Ya riƙe hannun Yaya ya fito da shi gaban jama'a, ya ce baƙonsa ne, duk ranar da ya biyo hanyar nan ya tsaya ya sha ruwa.

Da la'asar suka iso gida a motar haya, shi da Goggo, ba wanda ya tarye su sai yaran da ke wasa a ƙofar gida. Yaya ya durƙusa gaban Baba, ya shiga wurin Inna, sannan aka miƙo masa ɗansa. Ya daɗe yana kallonsa. Goggo ta ce a dafa mata ruwan wanka, ƙafafunta sun kumbura. Da safe ta tashe shi ta ce ya sa babbar riga ya tafi gidan ɗan majalisa. Ya je.

Yaya bai taɓa cewa ta yi daidai ko ba ta yi ba. Ya dai roƙi Baba a mayar da shi hanyar Funtuwa, bai sake bin ta Jibiya ba.

Bayan wasu watanni, muna zaune da rediyo, aka ce an sako Amurkawan nan. Mutanen Aljeriya ne suka yi ta kai da kawowa a tsakani. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne ba a bar jirginsu ya tashi ba sai da shugaban Amurka da aka yi rikicin da shi ya sauka, sabon ya yi rantsuwa, a rana ɗaya. Na yi wa Goggo bayani.

Ta ce, "Ai an riga an gama magana. Ba su son wancan ya ce shi ya amso su."

Na ce, cikin tsokana, kamar ita da mai gari ke nan.

Ta ce, "A'a. Su sun jira don su ƙona wa mutum rai. Ni na jira don kada a ƙona na kowa." Ta ci gaba da murza goro a ɗan magogin da take amfani da shi tun da haƙoranta suka zube. Sannan ta ce, "Amma wanda ke cikin ɗakin, duk ɗaya ne gare shi. Kwana kwana ne. Kada ka ɗauka ban san wannan ba."

Har yau in na tuna fuskar matar Yaya ranar suna, ban iya cewa na sallama wa Goggo gaba ɗaya ba. Na dai san motocin gidanmu sun ci gaba da bin hanyar nan lafiya, kuma duk kaka sai buhun gero ya iso ɗakinta daga ƙauyen, ita kuma ta aika da turmin atamfa.

A jinyarta ta ƙarshe ba ta bar wasiyya mai yawa ba. Ta raba 'yan kayanta, ta ce a ba matar Yaya tasoshinta na Makka. Ana gobe za ta rasu ta sa aka kira Yaya. Ina zaune a bakin ƙofa. Ta ce masa, "In ta faru, ƙawata ta can kada ta ji a bakin fasinja. Kai za ka je ka faɗa mata."

Ya ce, "Goggo, a aiki wani."

Ta ce, "Kai na ce."

Bayan sadakar uku ya ɗauki ƙaramar mota ya tafi shi kaɗai. Mun zaci zai juyo a ranar da wuri, sai ga shi gab da magariba, da wata tsohuwa a gidan gaba riƙe da ƙullin gero a cinyarta. Ta ce ita za ta daka furar sadakar bakwai da hannunta.

Daga baya Yaya ya ba ni labarin tafiyar. Ya ce ya iske ta tana shanyar kuɓewa. Ta gane shi tun kafin ya yi sallama, ta kuma gane abin da ya kawo shi. Ta zauna a ƙasa ta yi salati, ta yi kukanta, sannan ta shiga ta ɗauro zane ta ce ya kai ta. Da suka fito titi, dole su bi ta daidai wurin da abin ya faru. Ya ce bai san lokacin da ƙafarsa ta saki totur ba, motar ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Ita tana kallon gefen hanya, inda yanzu aka shuka dawa.

Suka ɗan zauna haka. Sannan ta ce, "Mu tahi, ɗana. Kada mu iske an gama gaisuwa."

Allah ya jiƙan Goggo, ya yalwata mata kabarinta, ya karɓe ta da irin haƙurin da ta yi da mu. Mu kuma ya ba mu kyakkyawan ƙarshe. Amin.